Ranar da Malam Asumana Ya Ƙi Shiga Mota

Tun da na dawo daga Adar abokai suka hana ni sakat. Duk wanda muka haɗu da shi sai ya ce, "Sanusi, wai da gaske ne bam ya tashi da ku a Nijar?" In na fara bayani a katse ni, in na taƙaita kuma washegari in ji labarin ya yi 'ya'ya a bakin wasu. Har na ji an ce ni na saɓo Yayana a kafaɗa na keta daji da shi. Ban yi haka ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta sau ɗaya. Sai dai ina neman afuwa tun yanzu: ban riƙe littafi ba a lokacin, an kuma kwana biyu, wasu abubuwan na gani da idona wasu ji na yi, kuma matsoraci bai cika ganin abu daidai ba. Inda ban tabbatar ba zan faɗa.

Lokacin na gama karatun aikin gona a jami'a ke nan, ina zaune gida a Katsina ina jiran aiki. Yayana Habu fataucin albasa yake yi, yana saro ta a ƙasar Madawa, kuma a wannan yawon ne ya auro matarsa Rabi, 'yar wani ƙauye da ke gabas da Keita. Ta je gida haihuwar fari, ta gama wanka har ta ɗora wata guda a kai, sai Inna ta ce tunda hanya da nisa, Yaya ya je ya taho da ita da jaririn, ni kuma in raka shi tunda ba abin da nake tsinanawa. Na ce mata ina jin rediyo na cewa ana tawaye a arewacin Nijar, ana tare motoci. Yaya ya yi dariya ya ce, "Inna, kin ji Malam Ko-da ko? Tawaye yana can wajen Agadas. Mu albasa muka sani." Malam Ko-da sunan da ya laƙaba mini ne tun muna yara, saboda ba na fita sai da guzurin ko da wani abu zai faru. Wannan karon ma na yi guzurin: maganin zazzaɓi, maganin gudawa, tocila biyu, da jarka cike da dafaffen ruwa.

Ta Jibiya muka tsallaka. A Ɗan Isa jandarma, wato ɗan sandan Nijar, ya miƙo hannu ya ce kati. Yaya ya ba shi ɗan katinsa da ya sha jiki, ni kuwa na zaro fayil guda: takardar haihuwa, shaidar jami'a, katin rigakafi, har da wasiƙar mai unguwa. Na kuma shiga yi masa Ingilishi, don a zatona ba a yi wa mai kaki Hausa. Ya bar ni na kai aya, sannan ya kira ni Mushe, wato Malam a Faransancinsu, ya ce, "Mushe, aiki ka zo nema ko wucewa za ka yi?" Mota duk ta kwashe da dariya. Ya duba katin rigakafin kaɗai, ya mayar mini da sauran, ya ce in riƙe da kyau kada iska ta kwashe mini ilimi.

A Maraɗi na fara cin burodinsu mai tsawo kamar sanda, wanda ya kusa yanka mini dasashi. Can ma na ga ashe da rana ta take sai a rufe ofis da kanti, kowa ya je ya kwanta sai la'asar. A wurinmu wanda ya yi haka sai a ce ba ya neman arziki. Da rana ta dake ni a tasha na daina ganin laifinsu.

Mun isa Madawa da yamma, muka sauka gidan Alhajin da Yaya ya saba sauka. Zaurensa cike yake da buhunan albasa, a nan aka shimfiɗa mana tabarma, kuma warin bai bar rigunana ba har muka dawo. Alhajin ya tarbe mu da, "Kun zaka lahiya? Wanga ƙanenka na?" Sai da na dubi Yaya kafin in gane gaisuwa ce. Hausarsu ta fi kama da ta Sakkwato, ga kuma Faransanci da ake barbaɗa mata kamar gishiri. Aka kawo kilishi, wanda ban taɓa cin irinsa ba, aka kuma ɗora shayi a ɗan ƙaramin buta. Na sha kofin farko, ɗacinsa ya kai mini har ƙwaƙwalwa, na ce na ƙoshi. Alhaji ya ce sam, wanda ya sha na fari sai ya sha na uku. Muna kan na ukun ne ya ce da Yaya, "Ku tahi lahiya, amma kada ku wuce Keita ta arewa. Kasuwannin can a bar su yanzu." Ni na riƙe maganar. Yaya ya yi kamar da wani ake.

Hanyar Buza ba kwalta, duwatsu ne da gargada. Sau biyu taya ta fashe, ko sau uku. A shingen shiga gari soja suka sa kowa ya sauko. Ɗaya ya ɗaga jarkata ya girgiza, ya buɗe ya shinshina.

"Mi na na?"

"Ruwa ne, ranka ya daɗe. Dafaffe."

"Dahwahhe? Shayi za ka yi ma duk Buza?"

Ya rufe ya miƙo mini yana girgiza kai. Ba mu sami motar Keita ba ranar. Wani malamin makaranta da muka zauna kujera ɗaya, wanda bai san mu ba bai san asalinmu ba, ya ja mu gidansa, matarsa ta yi mana tuwon gero da miyar kuka, da safe ya raka mu tasha. Ko sunansa na gaskiya ban riƙe ba, kowa Mushe yake ce masa.

Kusa da Keita na ga mata jere a jikin tudu suna ɗauko duwatsu a ka, suna jera su layi layi don tare ruwan sama. Abin da na karanta a littafi na rubuta a jarrabawa ke nan, amma ban taɓa ɗaga dutse ɗaya ba.

Yanzu sai in yi bayanin abin da na gani a gidan surukan Yaya, don in ba a gane shi ba, ba za a gane sauran labarin ba. Mahaifin Rabi, Malam Asumana, dogon mutum ne siriri, manomin gero da dawa, ba mai yawan magana ba. Mu ma a Katsina muna kunyar surukai, amma ban taɓa ganin irin ta can ba. Yaya da ake jin muryarsa daga bakin kasuwa, tun daga nesa ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, muryarsa ta koma kamar ta mai mura. Ba ya ci, ba ya sha, ba ya kwanciya, ba ya ko miƙe ƙafa a inda tsohon zai gan shi. Shi ma tsohon ba ya dubansa, ba ya kiran sunansa. In zai yi masa magana sai ya dubi wani ya ce, "A ce ma baƙo ya sha hanya." Ni kuwa da nake ƙane ba ruwan kowa da ni, ƙannen Rabi har tsokanata suke yi. Da muka keɓe na ce da Yaya abin nan bai yi yawa ba? Ya ce, "Ni baƙo ne na auri 'yarsu. In ɗan gari ya yi ɗaya, ni sai na yi biyu, kada a ce Katsinawa ba su da tarbiyya."

Kwana na biyu ruwan jarkata ya ƙare. Mahaifiyar Rabi ta aiko mini da ƙwaryar fura da nono, na ji nauyin in mayar, na kurɓa, na ji daɗinta, na shanye har na karɓi ƙari. Ba na ɗora wa furar laifi, wataƙila cikina ne bai saba ba. Ko ma mene ne, washegari ban iya nisa da bayan gida ba. Ranar kuwa ita ce ranar wata kasuwa da ke arewa, kuma Malam Asumana ya ce zai je ya sayo wa 'yarsa tsarabar cuku da dabino. Yaya ya ce ba zai bar tsoho ya ɗauko kaya shi kaɗai ba. Na tuna masa maganar Alhajin Madawa. Ya ce, "To in je in ce masa kada ya tafi? Ni? Malam Ko-da, je ka ji da cikinka."

Abin da ya faru a hanya ban gani ba. Yadda aka faɗa mini, babbar motar 'yan kasuwa ce, ta gangara wani kwari sai ga mutane da bindigogi sun fito. Direba ya ƙi tsayawa, ɗayansu ya jefo gurneti, ya faɗi gefen motar ya fashe. Wasu sun ce 'yan tawaye ne, wasu sun ce 'yan fashi ne da suka fake da tawaye. Ni ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa kowa ba. An rasa rayuka a wurin. Direban ya ja motar a haka har wani gari da ke da ƙaramin gidan likita. Wajen azahar labari ya iso ƙauye, na manta da cikina, na hau amalanke.

Ni da ban taɓa ganin jinin da ya wuce na ragon layya ba, na tarar da ɗaki biyu da baranda cike da mutane. Wani ƙafarsa ta dagargaje. Wata mata an ɗaure mata rabin fuska. Wani jikinsa duk ƙananan huji kamar an watsa masa tsakuwa. Akwai wanda ba rauni ko ɗaya a jikinsa amma tari yake yana fitar da jini. Da yawansu jini na fita ta kunne, ana yi musu magana suna kallon baki. Babban ma'aikacin jinyar wurin, wanda suke kira Manjo, shi da mataimaka biyu ne kawai a kan wannan taro. Yana ɗinki yana cewa, "Harsashi hanya guda gare shi, ka san inda za ka bi shi. Wanga abu kuwa watsewa shika yi." Dole ya fara da waɗanda jininsu ke zuba, kuma ko ni ne haka zan yi.

Malam Asumana yana kwance kan gado, an naɗe masa hannun hagu, kunnuwansa duka sun toshe. Yaya kuwa yana zaune a ƙasa bakin ƙofar ɗakin, rigarsa jina-jina. Na ruga. Aka ce in kwantar da hankali, jinin mutane ne, shi ya yi ta ɗauko su daga mota.

"Yaya, kai fa?"

"Lafiya lau. Ɗan ƙwarzane ne." Ya nuna gefen cikinsa ba tare da ya ɗaga riga ba.

Manjo ma ya tambaye shi, amsar da ya samu ke nan, ya wuce wurin masu zubar jini.

A nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Aka kawo abinci Yaya bai ci ba, aka ce ai surukinsa na kallo. Aka shimfiɗa masa tabarma bai kwanta ba, aka ce ai ba zai kwanta a gabansa ba. Ya yi salla a zaune. Gumi na keto masa alhali ni ina jin iska. Ya zauna a dunƙule, hannu a kan ciki, kai a ƙasa, kuma haka na saba ganinsa a gaban tsohon tun da muka zo. Matan da suka zo dubiya suna ta cewa, "Asumana ya yi sa'ar suruki. Ku dubi ladabi!" Ni kuma, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Ni da na ji tsoron ruwa, na ji tsoron taya, na ji tsoron jandarma, abu ɗaya da ya kamata in ji tsoro shi ne ban ji ba.

Da gari ya waye leɓɓansa sun bushe, idanunsa sun faɗa. Na sake tambayarsa, amma a ɗakin, a wurin, taku uku daga gadon tsohon. Bai zo mini a rai in ja shi waje ba. Ya ce, "Ka dame ni."

Da hantsi Malam Asumana, wanda tun jiya bango yake fuskanta, ya juyo. Ya dubi Yaya. Wannan ne karo na farko da na ga ya dube shi ido da ido, kuma ya daɗe yana dubansa. Sai ya tashi zaune, ya laluba takalmansa, ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa, "Wanga ɗaki zahi gare shi! Ni na tahi gindin icce." Mataimakin Manjo ya sha gabansa yana nuna masa hannun, cewa shi za a wanke wa ciwo yanzu. Tsohon ya ratse shi ya fita. Ya ƙetare filin, ya wuce itacen da ke tsakar gida mai inuwa sosai, ya zaga bayan katanga inda ba a hango shi.

Yaya ya bi shi da ido har ya ɓace. Sannan ya sulale ya kwanta ta gefe, ya naɗe gwiwoyi, ya yi wani irin nishi da ban taɓa jin ɗan Adam ya yi ba. Ya ce, "Sanusi, cikina." Na manta rabon da ya kira ni da sunana.

Manjo ya zo a guje ya ɗaga rigar. Huji ne a ƙasan haƙarƙari, wanda ƙwayar wake za ta toshe, ko jini ba ya yi. Ya danna cikin, ya ji shi tauri kamar allo, da ya ɗage hannu Yaya ya ƙwalla ƙara. Manjo ya yi wata magana da Faransanci da ba na zaton addu'a ce, sannan ya ce, "Tun jiya? Tun jiya kana zamne da wanga?" Ya juyo kaina. "Kai kuma ɗan lakwal, da duk bokonka, kana kallo?" 

Ya ce ƙarfe ya shiga ciki, sai an buɗe, kuma shi ba shi da kayan wannan aiki. Asibitin garin Tawa ya fi kusa, amma soja sun rufe hanyar ranar. Sai asibitin mishan da ke yamma da Madawa, wato mu koma ta Buza. Mota ɗaya aka samu, a-kori-kura ta wani ɗan kasuwa. Manjo ya zaɓi mutum huɗu: Yaya, matar da aka ɗaure wa fuska, mai tarin jini, da Malam Asumana, don hannunsa ma yana bukatar aiki. Aka aike ni in kira shi.

Na same shi zaune a 'yar inuwar katanga. Na yi ta ɗaga murya a kunnensa ina nuna motar. Ya ce, "Su wa ad ciki?" Na nuna masa da hannu, har na nuna wurin da Yaya ke kwance. Ya ce, "Ni ba ni shiga. Mota amai taka sa ni." Na ce Baba, ai jiya ma mota kuka hau. Bai ji ba, ko kuma ya ji, Allah ne masani. Manjo ya zo da kansa, ya kama hannun, ya nuna masa yatsun, ya yi alamar yanka. Ya nuna masa gaban mota, cewa ya zauna kusa da direba. Tsohon ya leƙa, ya ga gilashin da ake hango baya ta cikinsa, ya girgiza kai. "Ku tahi, rana na yi," in ji shi, ya juya mana baya. Ba wanda ya san ranar da wata motar za ta samu. Manjo ya dube shi, sannan ya ce da ni, "Bar shi. Mu tahi."

Ni na riƙe ledar ƙarin ruwa a sama tun daga can har muka isa. Yaya ya kwanta ya miƙe sosai, ya yi nishi yadda ransa ke so. Duk dutsen da muka taka sai ya zagi direba, ya zage ni, ya zagi albasa da wanda ya fara shuka ta, ya kira Inna. Direban ya leƙo ta taga ya ce, "Zage ni, Bakatsine! In dai kana zagi, kana da rai." A shingen Buza sojan nan da ya shinshina jarkata ya leƙa bayan motar, bai tambayi kati ba, ya ɗage sandar da gudu. Mai tarin jinin bai kai ba. Tsakanin Buza da Madawa ya cika, ɗan'uwansa ya rufe masa fuska da rawani, ya ce direba kada ya tsaya, a ceci masu sauran kwana.

Mun shiga asibitin kafin magariba. Gaskiya da ɗar-ɗar na shiga, don ban taɓa taka wurin 'yan mishan ba. Wadda ta karɓe mu wata ma'aikaciyar jinya ce, Saratu, Kirista, amma Hausarta da tsagen fuskarta sak na mahaifiyar Rabi. Daga baya na ga Kiristoci irinta suna da yawa a unguwar, suna noman geronsu kamar kowa. Ta tambayi lokacin da abin ya faru da dalilin da muka makara. Na faɗa mata ina jiran faɗa. Ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce, "Mu nan ba mu tambayar namiji ciwonshi gaban surukinshi, ko mace gaban uwar mijinta. Hidda su muka hwara yi, sannan mu yi tambaya."

Likitan Bature ne, yana jin Hausa. Ya ce ana bukatar jini. Ni da allura ba ma shiri, amma na miƙa hannu na kau da kai. Nawa bai isa ba, wani mai sharar ɗakin ya ajiye tsintsiya ya ba da nasa. Kafin su shiga da Yaya likitan ya ce al'adarsu ce su yi addu'a, ko na yarda? Na tsaya ina in'ina. Wani dattijo mutumin Bangi da ke jinyar ɗansa ya taɓa ni ya ce, "Ɗana, su yi tasu ka yi taka. Wanda aka roƙo ba shi ruɗewa." Na ce su yi. Ni ma na je na yi alwala.

Da safe likitan ya nuna mini abin a cikin ɗan faranti: guntun ƙarfe baƙi, bai kai ƙwayar wake ba. Ya huda hanji wuri biyu. In na fahimce shi daidai, ya ce da an ƙara yini guda da ba abin da zai iya yi. Ya ce yanzu ma sai an ga kwana uku. Kwana ukun nan na yi su a rumfar masu jinya, inda kowa ke girkinsa. Na gwada dafa shinkafa ta ƙone, wata mata 'yar Sabon Gida ta ƙwace tukunyar ta ce kada in kashe kaina kafin Yayana ya tashi. Daga ranar kullum sai ta zubo mini tuwo. Zazzaɓin Yaya ya hau, ya sake hawa, rana ta uku ya sauka.

Rana ta huɗu Malam Asumana ya iso a bayan babbar mota, tare da Rabi da jaririnta. Yatsunsa biyu sun yi baƙi, ba yadda za a yi sai cirewa. Na tambayi likitan ko da ya biyo mu da an cece su. Ya ce ba zai rantse ba, amma mai yiwuwa ne. Ɗakin maza ɗaya ne, saboda haka Saratu ta sa aka kai gadon tsohon can ƙarshe, ta ja labule a tsakani. Duk da haka da Yaya ya ji ya iso sai ya yunƙura zai tashi zaune, da ɗinki a cikinsa. Saratu ta ce, "Kwanta, ko in jawo gadonshi nan kusa da kai har sati guda." Ya kwanta.

Bayan kwana biyu na zaga bayan labulen. Kunnensa na dama ya fara buɗewa. Na durƙusa ta wannan gefen.

"Baba, godiya na zo yi."

"Ta mi?"

"Ranar nan da kuka fita daga ɗaki."

"Zahi na."

"Da motar fa?"

"Amai." Ya ɗaga hannun da aka naɗe ya juya shi. "Ukku sun isa riƙon hauya."

 Har na yunƙura zan tashi sai ya ce, yana duban rufin ɗaki, "Baƙon ya hwara cin abinci?"

"Ya fara shan kunu, Baba."

"To. A ce mishi shi sha da yawa. Ba ni kallo."

Mun dawo Katsina bayan sati uku, ko da 'yan kwanaki a kai. Yaya ya warke, ya koma kan albasarsa, da tabo daga ƙirji har cibiya. Har muka rabu bai ce wa surukinsa komai a kan wannan magana ba, kuma na san ba zai taɓa iya cewa ba. Ya durƙusa daga nesa, tsohon ya ce a ce wa baƙo ya sauka lafiya, shi ke nan. To ni ƙane ne, ba kunya tsakanina da shi, shi ya sa na faɗa a nan. Allah ya saka wa Malam Asumana. Ya saka wa Manjo, da direban da ya sha zagi, da Saratu da likitanta, da mai sharar da jininsa ke jikin Yayana, da matar da ta ciyar da ni.

Na san akwai waɗanda suka ga abin nan fiye da ni. In na sauya ranaku, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba, don Allah a aiko mini da gyara ta hannun masu ɗauko albasa daga Madawa, sun san gidanmu. Wanda kuma ya san sunan bawan Allahn da ya rasu a motarmu ya taimaka ya faɗa mini, ina so in riƙa ambatonsa a addu'a. Duk gyaran da ya zo zan karɓa da hannu biyu, ban da guda ɗaya: wanda zai zo ya ce mini da gaske mota tana sa Malam Asumana amai, ya riƙe gyaransa.